Doka Kafin Shawara: Tarihin Ɗaukar Fasinja a Titunan Kano

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 gwamnatin Jihar Kano ta sanar cewa daga ranar 30 ga wata an haramta wa 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan hanyoyi biyu: wadda ta tashi daga titin Ahmadu Bello ta bi ta Mundubawa ta miƙe har Gezawa, da wadda ta tashi daga Tal'udu ta nufi Gwarzo. Dalilin da aka bayar shi ne gwamnati ta sayo manyan motocin bas 100 da tasi 50 a ƙarƙashin shirin Kanawa, kuma su ne za su karɓi jigilar jama'a a waɗannan hanyoyi. A takarda babu laifi a tunanin. Bas ɗaya takan kwashe mutanen da sai adaidaita fiye da goma sun taru kafin su kwashe, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a Kabuga ko 'Yankaba da yamma ya san akwai abin gyara. Sai dai sanarwar ta iske yawancin masu bin hanyar ne dab da ranar. Da gari ya waye mutane suka yi cirko-cirko a bakin titi, motocin da aka yi alkawari ba su wadata ba, kuma ba a kwana biyu ba aka dakatar da dokar. Hanyar Gwarzo ita ce ta Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, hanyar Gezawa kuwa, wato titin Haɗeja, ita ce ta kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba. Ɗalibin da ke da lacca ƙarfe takwas da mai ɗaukar kwandon tumatir da asuba, kowannensu zai iya faɗa wa hukuma tun kafin a buga sanarwa cewa lissafin ba zai fita ba.

Abin da ya faru a waɗancan kwanaki tsohon hali ne. Duk wanda ya bi tarihin sufuri a Kano tun daga zuwan jirgin ƙasa zai ga cewa mutanen birnin ba su taɓa rasa ta cewa ba game da yadda za a ɗauke su da kayansu. Matsalar ita ce hukuma ba ta jin ta bakinsu sai ta gama yanke hukunci. To a lokacin sukan ba da amsa da ƙafarsu da aljihunsu, wani lokaci da yajin aiki: abin da ya dace da rayuwarsu su riƙe shi su sake masa fasali, wanda bai dace ba su ƙyale shi ya mutu a tsaye. Zaman da aka ƙi yi da farko shi ake dawowa a yi daga baya, bayan an yi asarar kuɗi da kwanakin aiki da mutuncin dokar kanta.

Ko taswirar manyan titunan Kano ma ba injiniya ne ya fara zana ta ba. Ganuwar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, tana da ƙofofi, kowace ƙofa kuma tana kallon nahiyarta. Kabuga ta fuskanci yamma, Ƙofar Ruwa da Mazugal da Dawanau sun fuskanci arewa wajen Katsina da Daura da Damagaram, Ɗan Agundi da Nassarawa suna sallamar masu nufar Zariya da gabas, daga ciki kuma hanyoyin duk suna gangarawa Kasuwar Kurmi. Turbar jakuna da raƙuma ce aka zuba wa kwalta daga baya. Sana'ar jigila ta wancan zamani tana da nata tsari. Ayarin goro mai zuwa Gwanja yana da madugu da jagaba da uban dawaki, baƙin fatake daga arewa suna da masauki a Fagge, kuma madugu yana riƙe da ayari ne muddin fatake sun amince da shi. Wanda ya kasa sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya, ko ya jefa mutane hannun 'yan fashi, baɗi ba zai ga mabiya ba. Wannan ba yabon zamanin ba ne, domin bayi da 'yan alaro da suka ɗauki kayan a ka babu mai tambayarsu komai. Abin lura kawai shi ne mai tsara tafiya yana cikin tafiyar, kuma kuskurensa a jikinsa yake ƙarewa.

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo daga Baro ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Waɗanda suka matsa a shimfiɗa shi auduga ce a ransu. Masaƙun Ingila na neman inda za su sami auduga ba tare da dogara ga Amurka ba, kuma ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga ta ɗauka ƙasar Kano, da ta shahara da saƙa da rini, za ta cika taragai da ita. Manoma suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda Bature zai saya, gyaɗa kuwa tana son jigawar Kano, tana gyara ƙasa, kuma in farashi ya faɗi ko fari ya zo ana iya cin ta. Tsofaffin fataken goro, waɗanda suka san ƙauyuka kuma ƙauyuka suka san su, su ne suka shiga tsakani suna raba kuɗi da gishiri da tufafi don a noma musu gyaɗa. Cikin kaka ɗaya ko biyu tashar Kano ta cika da buhunan da jirgin ya kasa kwashewa. Daga wannan hanya Alhassan Ɗantata ya fito, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali. Hanyar sufuri mafi tsada da aka taɓa yi wa Kano a lokacin ta yi riba, amma da hajar da masu tsara ta ba su sa a gaba ba.

Jirgin ya bar wa birnin wani gado da har yau ake biyan kuɗinsa kowace safiya. An kafa tasha da kantunan kamfanoni a wajen ganuwa, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikatan da suka zo daga kudu, Turawa suka zauna a Nassarawa, dokar garuruwa ta 1917 kuma ta sa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Daga baya masana'antu suka taru a Bompai, sannan Sharaɗa da Chalawa. Wurin kwana ya rabu da wurin neman abinci, tafiyar da ake yi da ƙafa a cikin birni ta koma ta keke, ta keke ta koma ta mota. An yi yunƙurin kamo bakin zaren da tsarin shekara 20 na B. W. Trevallion, wanda aka shirya don 1963 zuwa 1983, amma birnin ya fi takardar sauri, musamman bayan Kano ta zama jiha a 1967 kuma kuɗin man fetur ya shigo. Abin da ya ɗauki talaka a waɗannan shekaru shi ne tasi da ƙananan bas na 'yan kasuwa, hayis da kiya-kiya, masu lodi a Bata da 'Yan Kura, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Kurna ko Birget ko Kabuga. Hanyoyinsu ba a ofis aka zana su ba. Direba ya ga inda mutane ke tsayawa ya mai da wurin tasha, 'yan kamasho suka zo suka kafa layi, ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978 ta ɗora rasit a kai.

Acaɓa ɗiyar talauci ce. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota da kayan gyaranta suka fi ƙarfin mai haya, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Gwamnatin Babangida ta fito da shirin motocin jigilar jama'a a 1988, jihohi suka karɓi bas-bas, yawancinsu kuma suka ƙare a kan duwatsu a harabar ma'aikatu saboda babu kuɗin gyara. A daidai lokacin birnin yana ta bazuwa ta hanyar awon igiya, a Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe, unguwannin da lungunansu ba su san da zuwan mota ba. Ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata ya ɗauki babur ɗinsa bayan an tashi daga aiki ya fara ɗaukar mutane. Da baburan ƙasar Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, sana'ar ta zama mafakar duk saurayin da ya baro ƙauye da rani, 'yan siyasa kuma suka mai da rabon babur abin kamfe. Babu wanda zai ce acaɓa alheri ce zalla. Ta cika asibitin ƙashi na Dala da karyayyu, ta turnuƙe gari da hayaƙi, 'yan acaɓa kuma sun yi suna wajen taruwa a kan mai motar da tsautsayi ya haɗa shi da ɗayansu. Amma ta amsa tambayar da babu wata hukuma da ta amsa, wato yadda mutum zai tashi daga ƙofar gidansa a cikin lungu ya isa Kantin Kwari da kuɗin da yake da shi.

A nan ne mai musu zai kawo hujjarsa mafi ƙarfi. Zai ce ai adaidaita sahu, wadda yau ita ce ƙashin bayan sufurin Kano, gwamnati ce ta kawo ta daga sama, ba tare da wani taron jin ra'ayi ba, ga shi kuma ta zauna daram. Gaskiya ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da ita a 2005, kuma daga shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, wanda aka ƙaddamar a 2004, babur ɗin ya sami suna. Injin kansa ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin Buba Marwa ya kai shi Legas tun yana gwamnan soja, shirin yaƙi da talauci na Obasanjo, NAPEP, kuma ya yaɗa shi. Amma a duba abin da gwamnatin Kano ta nufa da shi. Manufar ita ce raba maza da mata a abin hawa. An hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka sayo ɗaruruwan babura masu ƙafa uku da labule a gefe da wasu ƙananan bas don mata kaɗai, aka sa 'yan Hisba su tabbatar da dokar. Da aka fara kame a watan Disamba na 2005 sai da aka yi arangama tsakanin 'yan Hisba da 'yan acaɓa, mata da yawa kuma suka ci gaba da hawa acaɓa, saboda abin hawan da aka tanadar musu bai kai ko'ina ba a birni mai miliyoyin mutane, kuma mai naƙuda ko mai sauri zuwa asibitin Murtala ba za ta tsaya jiran babur mai labule ba. Dokar ta yi sanyi. Babur ɗin kuwa ya rayu, domin ya zo da abin da mata suke so tun da can: zama a natse, wurin ajiye kaya, damar tafiya da yara biyu ko uku, da shiga lungu. 'Yan kasuwa suka ga riba suka fara shigo da na Bajaj da TVS daga Indiya suna bayarwa ana kawo musu balas, direbobi suka ɗauki duk wanda ya tsayar da su, mace ko namiji. Gwamnati ta kawo inji da doka tare, jama'a suka karɓi injin suka mayar mata da dokar.

Hujja ta biyu ta tsaro ce, kuma ba a raina ta. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka kashe mutum fiye da 180 a yini ɗaya, Kano ta shiga shekarar da 'yan bindiga a kan babur suke harbe 'yan sanda da sauran mutane su ɓace cikin lungu. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta a unguwar Hausawa, direbansa da dogaransa suka rasu suna kare shi. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta bakin mataimakinsa Abdullahi Umar Ganduje, ta hana acaɓa a cikin birni. Babu mai hankalin da zai ce a irin wannan mako a tsaya kiran taron masu ruwa da tsaki. Kuma dokar ta kama, sana'ar da ta yi shekara fiye da ashirin tana mulkin titi ta watse kusan dare ɗaya. To amma me ya sa ta 2013 ta kama, ta 2005 ta ƙi? Ba ƙarfin gwamnati ne ya ƙaru ba. A 2013 mutanen Kano sun riga sun yanke wa babur hukunci a zukatansu, taɓa Sarki kuma ya cika musu ciki. Bayan haka akwai magaji a ƙasa, domin adaidaita ta yi shekara bakwai tana yawo, fasinja ya san ta, makanike ya san cikinta, ɗan acaɓan da ke da hali ya sayar da babur ya karɓi mai ƙafa uku, wanda ba shi da hali ya koma ƙauye ko ya gangara wasu garuruwa har Legas. Yardar jama'a tana nan ko da ba a tambaye su ba. Gwamnati ta yi sa'a ne hukuncinta ya faɗa daidai inda ra'ayinsu yake, sa'a kuwa ba tsari ba ce. Gaggawar tsaro ta wanke makon da aka yi dokar, amma ba ta wanke shekarun da suka biyo baya ba, lokacin da adaidaita ta ninka ta sake ninkawa ba tare da an ware mata wurin tsayawa ko layi ko tasha ba.

A waɗannan shekaru hankalin gwamnati yana kan siminti. Kwankwaso ya gina gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, ya kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA. Ganduje ya kammala doguwar gadar Sabon Gari, ya yi ta Dangi mai hawa uku da ta Hotoro. A 2016 aka rattaba hannu da wani kamfanin ƙasar Sin kan jirgin ƙasa na cikin gari a kan dala biliyan 1.85, mafi yawanta bashi, aikin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya soka a bainar jama'a a Kaduna a 2017, kuma har Ganduje ya sauka a 2023 ba a shimfiɗa layin ba. A nan ma akwai mai cewa talaka bai san aikin injiniya ba, ina ruwan mai sayar da goro da nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Haka ne, kuma babu wanda ya ce a ba shi awon ƙarfe. Sanin da yake da shi wani ne daban, kuma injiniya ba ya samunsa daga taswira. Gada tana warware matsalar motar da ke son ta wuce mahaɗa ba ta tsaya ba. Mafi yawan masu zirga-zirga a Kano kuwa ba wucewa suke yi ba, sauka suke yi su canza abin hawa, ko su tsallaka titi da kaya a ka. Shi ya sa sama takan zama fayau, ƙasa kuma a cushe, 'yan sahu sun yi layi uku a gindin gada suna kiran fasinja, ɗan KAROTA yana bin su da sanda. Cunkoson Kantin Kwari da Singa da 'Yan Kura na lodi da saukewa ne. Wanda ke tsayawa a wurin kullum ya san ƙarfe nawa ake cika, ya san ta wane gefe mata masu goyo ke tsallakawa, ya san dalilin da ya sa ba a hawa gadar masu tafiya a ƙasa in an sa ta nesa da inda ake sauka.

Da aka rasa teburin da za a zauna, sai titi ya zama teburin. A watan Fabrairu na 2021 'yan adaidaita suka ajiye aiki saboda harajin naira 100 na kullum da yadda aka ce a riƙa biyansa. A watan Janairu na 2022 suka sake ajiyewa saboda naira 8,000 na sabunta takardar izini. Kowane karo birnin ya tsaya cak. Ma'aikata da 'yan makaranta suka taka da ƙafa, aka riƙa loda mutane a bayan a-kori-kura, kasuwanni suka yi fayau, kuma a kowane karo sai da aka zauna aka sasanta, a na biyun har aka rage kuɗin. Naira ɗari ba ta da yawa a idon wanda ya yanka ta. A lissafin ɗan sahu kuwa tana zuwa ne bayan balas ɗin mai babur, da kuɗin mai, da rasit na ƙungiya, da tarar da za a iya yanka masa a kowace mahaɗa, kafin a zo maganar cefane. Wannan lissafi ba sirri ba ne, duk ɗan sahu zai zayyana shi ga wanda ya tambaya. An ji shi ne bayan kwanakin da tattalin arzikin birni mafi girma a Arewa ya yi a kwance.

Saura hujjar da ta fi sauran gaskiya, wato cewa jin ra'ayin masu sana'a yakan zama miƙa wuya ga shugabannin ƙungiya, su kuwa abin da suke karewa shi ne rasit, kuma ba za su taɓa yarda da bas ɗin da za ta rage musu shiga ba. Legas ta gwada wannan, kuma abin da ta samu ya isa a duba. Hanyar Ikorodu, wadda ta tashi daga Mile 12, kasuwar da tumatir da albasar Arewa ke sauka, ta shiga tsakiyar birni, ta fi kowace hanyar Kano cunkoso, ƙungiyar direbobinta kuma ta fi ta Kano ƙarfi da faɗa. Hukumar sufurin Legas, LAMATA, wadda aka kafa da dokar 2002 da tallafin Bankin Duniya, ta shafe shekaru tana zama da ƙungiyar kafin a taɓa titi. Ta kwashi shugabanninta zuwa Kudancin Amurka suka ga yadda bas mai layinta na kanta ke aiki a birane irin su Kuritiba da Bogota. Aka sa suka kafa ƙungiyar gama-kai, banki ya ba su bashin bas 100, su ne kuma suka tuƙa motocin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2008 a kan kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Ba a kori ƙananan bas daga hanyar gaba ɗaya ba, an mai da su layin gefe, fasinja ya zaɓa da kansa. Ba a daɗe ba masu hawa suka kai wajen 200,000 a rana, aka biya bashin. Labarin bai ƙare da daɗi ba, domin bayan wasu shekaru gyara ya gagara, motoci suka lalace, a 2015 aka miƙa hanyar ga wani kamfani mai zaman kansa. Wannan ya tabbatar da rabin zargin, ƙungiyar direbobi ba lalle ta iya riƙe kamfani ba. Amma layin bas ɗin yana nan, har an ƙara shi zuwa garin Ikorodu, kuma da wuya a ce zai ga shekararsa ta farko da an kafa shi a kan gawar abincin mutanen da ke da ikon rufe titi.

Sauran rabin zargin amsarsa ita ce a faɗaɗa zaman, tunda shugaban ƙungiya ba shi ne jama'a ba. Shi kansa ɗan sahu yakan yi kukan cewa shugabanninsa sun fi kusa da ofis fiye da titi. Kano kuwa ba ta rasa hanyoyin jin mutane. Akwai masu unguwanni da dagatai da hakimai, waɗanda gwamnati ke tunawa da su duk lokacin rigakafi ko ƙidaya. Akwai shugabannin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau, da ƙungiyoyin ɗalibai, da gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun buɗe Freedom a 2003, inda ƙorafin sufuri ke cika shirye-shirye irin su Inda Ranka, kodayake kusan kullum bayan an riga an yi doka. Wanda ba shi da kujera ko kaɗan shi ne fasinja, musamman mace, alhali ita ce aka fi yin doka da sunanta. A ƙarshen 2019 hukumar Hisba ta sanar cewa daga Janairun 2020 ba za a ƙara haɗa maza da mata a adaidaita ɗaya ba, shekara goma sha biyar bayan yunƙurin farko. Tambayoyin da suka kayar da na 2005 suna nan ba a amsa ba: nawa ne kuɗin shata ga matar da a da take biyan kuɗin kujera ɗaya, minti nawa za ta ƙara a bakin titi kafin a sami mata uku masu tafiya hanya ɗaya, wa zai cike wa direba gurbin da ya bari. Watan Janairu ya zo ya wuce, 'yan sahu suka ci gaba da lodi yadda suka saba.